Fim da Takarda a Ɗakin Duhu: Tambayoyin Masu Wankin Hoton Kala a Garwa da Kewaye

Tun da samari suka fara tono tsofaffin kyamarorin iyayensu suna ɗura musu fim, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wasu daga nan Garwa, wasu daga Marwa da Ngaundere, har da Kusiri da Injamena. Na yi shekaru ina wankin hoton kala da hannu kafin injinan labo su karɓe aikin, shi ya sa na tara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su wuri guda. Kusan dukkansu abu ɗaya suke kewayawa: wane fim ne zai zauna lafiya da takardar da na samu?

Kawu, dole ne fim ɗin Kodak ya hau takardar Kodak, na Fuji kuma ya hau ta Fuji?

Ba dole ba ne, ɗana. Kusan duk fim ɗin kala da ke ba da dodo, wato hoton da ke fita a juye a jikin fim, haske ya zama duhu, ana wanke shi ne da tsarin C-41, wanda Kodak ya fito da shi a 1972. Takardar kala kuma tsarin RA-4 take bi tun shekarun 1980. Sauran kamfanoni duk wannan ma'auni suka bi, don haka dodon Kodak yana hawa takardar Fuji ba tare da gardama ba. Abin da zai canza shi ne lambobin launi da za ka saita a kan injin faɗaɗawa, wanda ke haska dodo a kan takarda, da ɗan ɗanɗanon launi. A idona takardar Fuji ta fi sanyi, kore da shuɗi sun fi fitowa a kanta, ta Kodak kuma ta fi ɗumi a fatar mutum. Amma wannan bambanci ƙarami ne idan aka gwada shi da maganar da ke tafe.

To me ake nufi da fim ya dace da takarda?

Tazarar da ke tsakanin haske da duhu ake nufi. Fim yana iya riƙe tazara mai faɗi ƙwarai, tun daga zaren da ke cikin farar shadda har zuwa abin da ke ƙarƙashin rumfa. Takarda ba ta iya ɗaukar duk wannan. Tana da iyakarta, abin da ya wuce iyaka ta sama ya zama fari fat, abin da ya wuce ta ƙasa ya zama baƙi ƙirin.

Wanda ya saba da baƙi-da-fari yana da mafita, domin takardarsa tana da matakai daga mai laushi zuwa mai tauri, ya zaɓi wadda ta dace da dodonsa. Takardar kala ba ta da wannan. Yadda aka yi ta haka take. A da kamfanoni kan yi iri biyu ko uku: Kodak yana da Portra Endura mai laushi don hoton fuska, da Supra Endura matsakaiciya, da Ultra Endura mai tauri don talla. Wannan zaɓin ya tafi. Takardar yau an yi ta ne don injinan da ke rubuta hoto da hasken lesa, irin su Frontier da Noritsu, inda kwamfuta ke daidaita komai kafin haske ya taɓa takarda. Shi ya sa ta fito da tauri, da launi mai ƙarfi, da saurin kama haske.

Ka haɗa wannan da ranar Garwa ta ƙarfe goma sha biyu, da ango baƙi cikin farar babbar riga da ta sha bugu, za ka ga inda matsalar take. Idan ka ba rigar haskenta, fuska ta nutse. Idan ka ceto fuska, aikin zaren wuyan riga ya ƙone. Tun da ba za ka iya tausasa takarda ba, dodon ne za ka kawo mata da laushi. Ke nan dacewar fim da takarda tun ranar ɗaukar hoto ake shirya ta, kafin a shiga ɗakin duhu.

Me ya sa dodon hoton kala yake ruwan goro?

Rinin da ke cikin fim ba tsarkakakke ba ne, musamman na C (shuɗi mai kore-kore) da na M (ja mai ruwan hoda), suna shan hasken da bai kamata su sha ba. Ruwan goron nan gyara ne da aka gina a cikin fim don ya soke wannan kuskure, kuma an yi takardar RA-4 tana sa ran ganinsa. Kowane fim da irin nasa ruwan goron, wani ya fi duhu, wani ya fi ja. Dalilin da ya sa lambobin da suka yi maka daidai a Gold 200 ba za su yi a Portra ba ke nan.

Wace takarda ake samu yanzu, kuma yaya zan kawo ta?

Wadda za ka fi samu ita ce Fujicolor Crystal Archive. Kodak Alaris ya sayar da sashen takarda da magani ga kamfanin Sino Promise na ƙasar Sin a 2020, kuma tun daga nan Endura ta yi wuyar gani. Idan wani ya kawo maka kwalin Endura yau, ka ɗauka tsohuwa ce har sai gwaji ya nuna lafiyarta.

Yawanci a naɗe take zuwa, don injinan labo, faɗin santimita 10 ko 15 ko 20 ko 30. Hanya mafi sauƙi a nan ita ce ka yi magana da mai labon da har yanzu injinsa ke aiki da ruwan magani, ya sayar maka da ragowar naɗi, ka yanka da kanka cikin duhu. Ka manna katako a kan allon yanka a matsayin ma'auni, yadda hannunka zai gane tsawon ba sai ido ya gani ba.

Kawowar ita ce abin tsoro. Na taɓa yin odar naɗi daga kudu, ya iso Ngaundere a jirgin ƙasa lafiya, sai aka ɗaure shi a saman mota har Garwa cikin watan Afrilu. Da na wanke, farin gefen takarda ya koma ruwan madara mai rawaya, babu lambar da ta iya gyara shi. Ka sa a riƙe maka a cikin mota, kusa da ƙafa. Idan ta iso, firij. Kodak kansa digiri 13 ko ƙasa da haka ya ba da shawara a ajiye takardar kala. In ka fito da ita, ka bar kwalin a rufe sa'o'i kaɗan ya huce, in ba haka ba gumi zai kwanta a kanta.

Gwajin takarda ba wuya: yanki ɗan ƙyalle cikin duhu, kada haske ya taɓa shi, ka wanke shi yadda aka saba, ka busar, ka aza kusa da farar takardar rubutu. In fari ne, bismilla.

Baba, wane fim zan saya don biki ko suna ko hawan sallah?

In dai a ɗakin duhu za ki buga, 'yata, kuma mutane za ki ɗauka, Portra 160 ko Portra 400. An yi su da laushi da gangan, tun fitowarsu a 1998, don masu hoton aure. Laushinsu da taurin takardar yau sai su haɗu a tsakiya. Fuji Pro 400H ma haka yake, amma an daina yin sa a 2021, wanda ya rage duk ya tsufa.

Gold 200 da ColorPlus 200 sun fi araha kuma sun fi samuwa. Suna yi, amma ki nemi inuwa, ko ki jira bayan la'asar. Suna jan hoto zuwa rawaya, abin da ke yi wa jar ƙasa da ginin laka kyau, amma yana iya sa farin mayafi ya yi kamar ya sha ƙura.

Ektar 100, wanda ya fito a 2008, launinsa kamar an zuba rini. Dawakan Lamido da kayan adonsu ranar hawa, ko bakin Binuwai da yamma, ko duwatsun Rumsiki, nan ne wurinsa. A kan fuska kuwa yana ƙara ja, kuma a tsakar rana shi da Crystal Archive tauri biyu ne suka gamu. Ba na ba mai koyo shawarar fara bugu da shi.

Fuskokin mutanenmu suna fita da duhu, babu bayani a ciki. Laifin fim ne ko na takarda?

Mafi yawan lokaci ƙarancin haske ne tun wurin ɗauka. Ma'aunin hasken kyamara yana ganin farar riga da farin bango da sararin sama, sai ya rage haske, fuska ta faɗa can ƙasan dodo inda fim bai rubuta komai ba. Abin da babu a dodo, babu takardar da za ta ƙirƙiro shi.

Akwai tarihi a nan da ya kamata mai hoto baƙar fata ya sani. Shekaru da yawa labo-labo suna saita injinansu da katin gwaji na Kodak da ake kira Shirley, wanda hoton Baturiya ne a kai. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da wanda ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Mu da muka yi aiki a nan mun daɗe da sanin cewa saitin da ya zo daga waje ba da fuskokinmu aka auna shi ba, kowa da dabararsa yake gyarawa.

Dabarar ita ce ka ƙara haske mataki ɗaya, wato ninki biyu. Fim mai lamba 400 ka gaya wa kyamara 200 ne, mai 200 ka ce 100. Fim ɗin dodo yana jure yawan haske, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Ka juya mutum ya ba rana baya ko ka shigar da shi zaure kusa da ƙofa, ka sa yaro ya riƙe farin zane daga ƙasa ya mayar da haske kan fuska, ko ka kunna filasha kaɗan ko da rana ce. A ɗakin duhu kuma, ka ɗaura ɗan kwali a bakin siririyar waya, ka riƙa kaɗa shi a kan fuskar na wani ɓangare na lokacin haskawa. Fuska ta yi haske, riga ta sami cikakken lokacinta.

Ka kuma yi naka katin gwajin. Hoton farko na kowane fim, ka ɗauki wani na gida riƙe da kwali mai ruwan toka, da farin ƙyalle a kafaɗa, a hasken da za ka yi aiki. In ka daidaita wannan hoto guda, sauran na cikin fim ɗin za su biyo shi.

Lambobin Y da M da C, daga ina zan fara?

C ka bar shi a sifiri. Y rawaya ne, M ja ne mai ruwan hoda. Wajen 50 na Y da 40 na M mafari ne da aka saba da shi, amma injin wani ya bambanta da na wani, ma'aunin injin kamfanin Durst ba ɗaya yake da na Kodak ba, don haka kada ka kwafi lambar abokinka ka ce an gama.

Fara daidaita duhun hoto tukuna, sannan launi. Ka busar da ƙyallen gwaji kafin ka yanke hukunci, domin jiƙaƙƙiyar takarda tana nuna shuɗi-shuɗin da ba nata ba. Ka duba shi a hasken rana ta taga, ba ƙarƙashin fitilar ɗaki ba.

Ƙa'idar tana rikita mai koyo saboda a juye take: launin da ya yi yawa a hoto, shi kake ƙarawa a inji. Hoto ya yi rawaya, ƙara Y. Ya yi ruwan hoda, ƙara M. Ya yi ja, ƙara su biyun. Ya yi shuɗi, rage Y. Ya yi kore, rage M. In kuskuren ƙarami ne ka motsa 5, in yana tsone ido 10 ko 20. Abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji. Ka sami littafi ka rubuta sunan fim, wanda ke rubuce a gefen dodo, da lambar kwalin takarda, da lambobin launi, da daƙiƙoƙi. Sabon kwali, sabon gwaji.

Da yake takardar yau tana da sauri, za ka iya samun kanka da daƙiƙa 3, lokacin da bai isa ka gyara komai da hannu ba. Ƙara 30 a kan dukkan ukun, har da C. A ma'aunin Kodak wannan yana rage haske rabi ba tare da ya taɓa launi ba.

Na gyara farar riga ta yi daidai, sai inuwa ta koma kore. Na gyara inuwa, riga ta koma ruwan hoda. Me ke faruwa?

Launuka sun saɓa a cikin dodon kansa, kuma lambobin inji ba sa warkar da wannan, domin duk abin da ka ƙara, hoton gaba ɗaya yake shafa. Abin da ke jawo shi: fim ya kwana a zafi ko ya tsufa, ko an wanke shi da maganin da ya gaji ko zafinsa bai kai ba, ko an haɗa haske iri biyu, kamar zauren biki mai dogon ƙwan lantarki ga kuma rana tana shigowa ta taga. Zaɓi fuska ka daidaita ta, ka haƙura da sauran.

Zafin garinmu ba zai ɓata aikin ba?

Zafinmu yana da amfaninsa. Maganin fito da hoto na C-41 yana son digiri 37.8 na minti 3 da daƙiƙa 15, kuma ba ya son a kauce ko da rabin digiri. Na RA-4 yana son 35 na daƙiƙa 45, sai maganin wankewa da tsayarwa shi ma daƙiƙa 45. Mutanen Turai ɗumama ruwa suke yi. Mu a Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa da Injamena ke haura 40, sanyaya shi muke yi. Babban daro cike da ruwa, kwalaben magani a ciki, ma'aunin zafi a tsaye, ruwan randa a gefe guda da ruwan buta mai ɗumi a ɗaya gefen, kana surkawa. Yawan ruwan daro shi ke hana zafi yin tsalle. Mutanen Ngaundere, da yake kan tudu suke, aikinsu ya fi sauƙi.

Takarda ta fi fim haƙuri, ana iya wanke ta a ƙasa da 35 in an ƙara lokaci. Sharaɗin dai shi ne zafin da ka yi gwaji da shi, da shi za ka buga.

Hunturu ya fi daɗin aiki da dare, amma ƙurarsa ba ta da tausayi. Kowane ƙwayar ƙura a kan dodo farin tabo ne a kan hoto. Yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma mai laima, ka shanya fim a cikin rufaffen kwaba. Ruwan wanki ma a tace shi.

Jiya na buga hoto ya yi kyau, yau da lambobi iri ɗaya ya fita fari-fari da shuɗi.

Wuta ce. In ƙarfin lantarki ya sauka, ƙwan injin yana dusashewa kuma haskensa ya karkata zuwa rawaya, a takarda sai ya zama hoto mara duhu mai shuɗi. Sayi na'urar daidaita wuta irin ta firij ka sa wa injin shi kaɗai. In da janareta kake aiki, kada a kunna dutsen guga ko injin ruwa kana tsakiyar haskawa. Tsohon ƙwai ma yana yin haka a hankali.

In ba wuta ba ce, duba magani. Ɗigo kaɗan na maganin tsayarwa in ya faɗa cikin na fito da hoto ya lalata shi duka. Kowanne da mazubinsa da murfinsa.

Dodona ya riga ya yi tauri. Akwai abin yi?

Akwai dabarar ɗanɗana wa takarda haske kafin hoto. Ka ɗauki bakin fim ɗin da ba a ɗauki komai a kansa ba, mai ruwan goro zalla, ka sa a inji da lambobin launin da ka riga ka daidaita. Yi gwaji ka gano lokacin da takarda ke fara yin toka-toka, ka ja baya kaɗan daga nan. Ka haska takardar da wannan ɗan lokaci, sannan ka sa dodon gaske ka buga. Farar riga za ta fara nuna zarenta. In ka zarce, hoton ya yi hazo kamar safiyar hunturu, saboda haka da kaɗan ake farawa.

Zan iya kunna jar fitila kamar ta baƙi-da-fari?

A'a. Takardar kala tana ganin kowane launi. Duhu ƙirin, har hasken waya da ɗan ƙwan caja a rufe.

Fim ɗin silima da ake naɗawa a ƙananan gwangwani fa, da sauran baƙin fina-finai?

Kodak Vision3 na silima ne, tsarin wankinsa ECN-2, kuma dodonsa ya fi na C-41 laushi. In an wanke shi yadda aka tsara, a kan RA-4 yakan fita a sanyaye, ko da yake ga tsakar ranarmu wannan laushin yana iya zama alheri. Ka tambayi mai sayarwa ko akwai baƙin shafe a bayansa, domin in akwai kuma ka kai labon C-41 zai ɓata musu magani. Mai harafin T a ƙarshen lamba an yi shi ne don hasken ƙwai, a rana shuɗi yake bayarwa.

Ilford XP2 baƙi-da-fari ne da ake wankewa a C-41, ba shi da ruwan goro, takardar baƙi-da-fari ce tasa. Fim ɗin da ke fita da hoto kai tsaye ba dodo ba, na tsarin E-6, ba na wannan takarda ba ne. Buga dodon kala a takardar baƙi-da-fari kuwa yana yiwuwa amma da wahala, ruwan goron yana tare hasken da takardar ke gani. Panalure da aka yi don wannan aiki ta tafi tun 2005, lokacin da Kodak ya daina takardun baƙi-da-fari.

Mai sheƙi ko mara sheƙi?

Mai sheƙi tana ƙara wa baƙi zurfi, amma tana riƙe shatin yatsa, kuma da damina takan manne wa gilashin firam ko ledar albam. Hoton da zai zaga hannun dangi, mara sheƙi.

Ina zan zubar da maganin da ya gaji?

Ba kusa da rijiya ba, ba a kwatar da ke gangarawa kogi ba. Maganin tsayarwa yana ɗauke da azurfar da ya wanko daga takarda. Tara shi a jarka mai murfi, ka rubuta a jiki, ka ajiye inda yara da awaki ba sa kaiwa, ka tambayi mai labo yadda yake yi da nasa. Sa safar hannu ta roba, maganin fito da hoto yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata da ba ya saurin barin mutum.

Kawu, na sami dodon auren iyayena a cikin akwatin Hajiyarmu. Zai hau takardar yau?

Zai hau. Na shekarun 1980 da 1990, ko Agfa ne ko Konica ko Fuji ko Kodak, takardar yau tana karɓarsu, ko da yake Agfa da Konica sun bar sana'ar fim ɗin hoto tun tsakiyar shekarun 2000. Sai dai rini yana koɗewa da shekaru da zafi, kuma kala ukun ba tare suke koɗewa ba, don haka lambobinka za su yi nisa da waɗanda ka saba. A nan taurin takardar yau taimako ne, yana ɗaga dodon da ya yi sanyi.

Kada ka goge shi da tsumma, kada kuma ka tsoma shi a ruwa in ka ga zaren fumfuna a jiki, domin fatar hoton na iya saɓulewa. Hura masa iska, ka riƙe shi ta gefe. Kafin komai ka ɗauke shi da kyamarar zamani ka adana. Wajen daidaita launi kuma ba ka da katin gwaji, saboda haka ka kai wa Hajiya ƙyallen gwajin bayan ya bushe, ka tambaye ta launin zanen da ta ɗaura ran nan da na hular Alhaji. Abin da ta faɗa, ka juya lambobi har takarda ta ba da shi, sannan ka rubuta su a bayan ambulan ɗin dodon.